Yadda Za Ka Yi da Masu Karɓar Bashin Manhajar Waya Idan Suka Koma Barazana da Ɓata Suna

Mai karɓar bashin manhajar waya ba shi da kotu a hannu, ba shi da ɗan sanda, sau da yawa ko unguwar da kake zaune bai sani ba. Abu biyu yake riƙe da su: lambobin mutanen da ke cikin wayarka, da sanin cewa ba ka son surukinka ko ubangidanka ya ji ana bin ka bashi. Shi ya sa kullum maganarsa "nan da minti talatin" ce. So yake ka biya cikin ruɗewa, kafin ka zauna ka yi lissafi ko ka tambayi wanda ya san doka.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci bashi dole ya biya. Amma haƙƙin mai bin bashi ya tsaya ne a kan kuɗinsa da abin da aka yi yarjejeniya a kai, bai kai ga mutuncinka ko na iyalinka ba. Hukumomin Najeriya sun daɗe da faɗin haka a aikace. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin waɗanda yake bi bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashi a Ikeja da ke Legas, sannan a watan Agustan shekarar ta wajabta musu yin rajista. Daga 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobin waya da hotunan mutane. Abin da ya sa ɓarnar ba ta ƙare ba shi ne masu yin ta sun koma tura mahaɗin sauke manhaja ta WhatsApp da saƙon tes, kuma in an rufe su da wannan suna gobe su fito da wani.

Kada ka fara goge manhajar

Kuskuren da aka fi yi ke nan. Mutum ya fusata ya goge manhajar, a zatonsa ya rabu da su. Ai lambobinka sun kwafe su tun ranar da ka danna amincewa, gogewa ba za ta dawo da su ba. Abin da za ka rasa kawai shi ne shaidarka.

Saboda haka shaida za ka fara tarawa. Buɗe manhajar ka ɗauki sikirinshot na shafin bashin: nawa suka ce sun ba ka, wace rana, yaushe wa'adi, nawa kuɗin ruwa, nawa tarar jinkiri. Shiga shafin sharuɗɗa ka nemo sunan kamfanin da ke bayan manhajar, domin sunan da ke fuskar waya ba shi ne sunan rajista ba, kuma kamfani guda kan mallaki manhajoji da dama. Nemi bankinka ya turo maka bayanan asusunka tun daga ranar da kuɗin ya shigo, a nan ne za a ga ainihin abin da ya shiga da duk abin da ka biya. Saƙonnin barazana kuma ka ɗauke su yadda lambar mai turowa da rana da lokaci za su fito a hoton. Idan ka riga ka ajiye lambar da wani suna, buɗe bayananta ka ɗauki hoton lambar kanta. Saƙon murya ma a ajiye shi. Waɗanda aka tura wa saƙon ɓata sunanka, roƙe su su ɗauki hoton daga wayarsu su turo maka, domin saƙon da aka yi maka fowadin ba ya nuna lambar da ta turo shi tun farko. Duk ka tura su zuwa imel ɗinka, kada su zauna a waya ɗaya.

Bayan haka sai ka toshe ƙofa. A wayar Android ka shiga Settings, sannan Apps, ka zaɓi manhajar, ka shiga Permissions, ka janye izinin lambobin waya, saƙonni, kira, hotuna, kyamara da wurin da kake. Idan manhajar ta ƙi buɗewa sai da izinin, to ka riga ka ɗauki abin da kake buƙata, kana iya goge ta. Canza kalmar sirrin imel ɗinka da ta manhajar bankinka.

Akwai ƙofa ta biyu da ake mantawa da ita, wato katin ATM. Lokacin rajista sukan ce ka saka lambar kati za su cire ɗan kuɗi kaɗan don tantancewa. Wannan cirewar ita ke ba su damar ci gaba da jan kuɗi daga katin ba tare da sun sake tambayarka ba, kuma akan samu waɗanda ake ci gaba da cire wa kuɗi bayan sun gama biya. Maganinsa ka je banki a toshe katin a ba ka sabo. Ka kuma tambayi ma'aikacin ya duba ko akwai umarnin cire kuɗi kai tsaye da aka ɗora a asusunka, musamman in ta nan albashinka ke shigowa. Ba don ka gudu daga bashin za ka yi wannan ba, sai don biyan ya riƙa fita da saninka, gwargwadon lissafin gaskiya.

Riga su isa wurin mutanenka

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi a zuciya, kuma shi ya fi kowanne amfani. Salon ɓata sunan da suke yi sananne ne: su ɗauki hoton da ka ɗora lokacin rajista su rubuta "ana neman sa ruwa a jallo", ko su kira ka ɓarawo, ko su haɗa takardar sanarwar rasuwa da hotonka, ko su ƙaga maka wata cuta, su tura wa duk wanda lambarsa ke wayarka. Mata sun fi shan wahala a nan, domin ƙazafin da ake yi musu kan taɓa aurensu. Dattijon da bai san yadda waɗannan kamfanoni ke aiki ba, in ya ga hoton ɗansa da irin wannan rubutu, ba ƙaramin tashin hankali zai shiga ba.

Kira na kusa da kai da bakinka: iyaye, mata ko miji, ubangida a wurin aiki ko a kasuwa. Sauran kuma gajeren saƙo ya isa, kamar haka: "Assalamu alaikum. Na karɓi rance a wata manhajar waya, muna kan lissafi da su. Sun kwashi lambobin wayata ba da izinin masu su ba. Idan sun turo maka saƙo a kaina, ba ka tsaya mini ba kuma ba a bin ka komai. Kada ka amsa, kada ka tura kuɗi, ka ɗauki hoton saƙon ka turo mini sannan ka toshe lambar." Da zarar mutanenka sun ji daga bakinka, saƙon da zai zo daga baya ba shi da sauran kaifi.

Maganar cewa wani "garanto" ne don kawai lambarsa tana wayarka, ko don ka rubuta sunansa a gurbin ɗan'uwa na kusa, ƙarya ce. Tsaya wa mutum a bashi yarjejeniya ce da sai mai tsayawar ya amince da kansa, a rubuce. Wanda bai sa hannu a komai ba, ba a bin sa sisin kwabo.

Zauna ka yi lissafi da biro da takarda

Rubuta abu huɗu: abin da suka ce sun ba ka, abin da ya shigo asusunka a zahiri, abin da ka biya zuwa yau, da abin da suke nema yanzu. Ga misali: manhaja ta rubuta ta ba ka naira 20,000, amma ta cire 4,000 tun farko da sunan kuɗin aiki, 16,000 ta shigo. Bayan kwana 7 tana neman 26,000. Ke nan ka biya 10,000 a kan 16,000, wato kashi 62.5 cikin ɗari a mako guda, ko da kuwa tallar ta ce ruwan kaɗan ne. Irin wannan gajeren wa'adi shi kansa alama ce, domin ƙa'idar Google ta hana manhajar da ke neman a biya bashi gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka.

A nan ne za ka ga inda aka cusa kuɗin da ba ya cikin yarjejeniya: tarar jinkiri da ake ninkawa kullum, "kuɗin karɓar bashi" da ba a taɓa ambata ba, ko biyan da ka yi amma bai fito a manhajar ba. Akwai kuma dabarar da ake kira sabunta wa'adi, inda za a ce ka biya wani abu a ƙara maka mako guda. Wannan kuɗin ba ya rage uwar kuɗi ko kaɗan. Mutum sai ya sabunta sau huɗu, ya biya abin da ya zarce rancen, bashin kuma yana nan yadda yake. Haka nan in wa'adinka ya matso za ka ga wasu manhajoji sun fara yi maka tayin rance. Sau da yawa 'yan gida ɗaya ne da wadda ke bin ka. Wanda ya ci bashin wannan don ya biya waccan, an gudu ne ba a tsira ba.

Wani lokacin kuɗi kan shigo ba tare da ka nemi rance ba, don kawai ka buɗe manhajar ka duba nawa za su iya ba ka. Kada ka taɓa kuɗin. Rubuta musu a ranar cewa ba ka nema ba, ka nemi asusun kamfani da za ka mayar, ka mayar da daidai abin da ya shigo, ka ajiye rasit. In ka kashe shi, za su ce ka amince da sharuɗɗan.

Wace barazana ce gaskiya, wace ce iska

"'Yan sanda suna hanyar gidanka." Kasa biyan bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kai. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8(2) na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar bankin Diamond da Opara a 2018, ta bayyana cewa EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Sai dai a kula, akwai inda maganar ke juyewa ta zama laifi: in ka karɓi rancen da sunan wani ko da takardun jabu, ko ka ba da cek alhali ka san babu kuɗi a asusun. Dokar cek ɗin da ya dawo ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2. Don haka duk yadda aka matsa maka, kada ka rubuta cek ɗin da ba ka da kuɗinsa don a sarara maka.

"Za mu rufe BVN ɗinka." Ba su da wannan ikon. Abin da mai ba da bashi mai rajista zai iya yi shi ne ya kai sunanka wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Wannan gaskiya ne kuma yana da illa, domin banki zai gani ranar da ka je neman rance. Amma ba ya hana ka ajiya ko cire kuɗinka.

"Za mu kwashe kuɗin duk asusunanka." Akwai tsarin da ake kira GSI wanda Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, yana ba banki damar cire bashinsa daga asusunka na wani banki. Amma na cibiyoyin kuɗi ne masu lasisin Babban Banki, sai ka sa hannu a kan umarnin tun lokacin karɓar rancen, kuma uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai ake cirewa, ban da tarar jinkiri. Manhajar da ba ta da lasisin ba ta cikin tsarin.

"Ga sammacin kotu." Takardar da aka turo ta WhatsApp da tambarin ƙasa da jan rubutu, ana cewa ka biya kafin ƙarfe huɗu ko a ɗaure ka, ba sammaci ba ce. Sammaci na gaskiya yana ɗauke da sunan kotu, lambar ƙara, sunayen masu shari'a da ranar zama, kuma ba ya zuwa da lambar asusun da za ka tura kuɗi. In kana shakka, je ofishin rajistaran kotun da aka ambata ka ba da lambar ƙarar a duba. Idan ta tabbata gaskiya ce, to kada ka yi wasa da ita: halarci zaman da takardunka, domin rashin zuwa shi ke sa a yanke hukunci a bayan idonka. Kotu ce hanyar da doka ta ba mai bin bashi, kuma jihohi irin su Legas da Kano suna da kotun ƙananan ƙararraki don irin wannan. Ɗaukar kaya ma sai bayan hukunci, ta hannun ma'aikatan kotu da takardar izini. Mai bin bashin da ya zo da ƙarti ya ɗauke maka babur ko keken ɗinki da ƙarfi, ba tare da yarjejeniyar jingina ko hukuncin kotu ba, shi ne ya taka doka.

Idan har aka yi amfani da ɗan sanda aka gayyace ka ofis, je da lauya ko wani babba, ka tambayi laifin da ake tuhumarka da shi. Kada ka sa hannu a takardar alkawarin biya a cikin caji ofis. Beli kyauta ne, kuma kama ɗan'uwanka ko matarka a madadinka haramun ne a sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jiharsa.

Yadda za ka biya ba tare da an ci kuɗinka sau biyu ba

Daina magana da su ta kiran waya. A kira ne ake zagi, a kuma yi alkawarin da gobe za a musanta. Nemo imel ɗin kamfanin a shafin sharuɗɗa ko a shafinsa na Play Store, ka rubuta musu sau ɗaya: ga abin da ya shigo, ga abin da na biya, ga abin da na yarda ana bi na, ga ranakun da zan biya. Ka nemi cikakken lissafi a rubuce, ka sanar da su ka janye izinin amfani da bayananka a wajen maganar bashin, kuma su daina tuntuɓar wasu a kanka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka wannan haƙƙin. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya cikawa ba, gara ka ce 3,000 duk Juma'a ka cika da ka ce 15,000 gobe ka saɓa. Kada kuma ka rama zagi, domin hotunan hirar nan hukuma za ta karanta su.

Wurin biya ne aka fi yin asara. Ma'aikacin karɓar bashi, wanda galibi kamasho yake ci a kan abin da ya tara, zai ce maka manhaja ta samu matsala, ka turo ta wannan asusun zai share maka, har ma ya yi maka ragi. Ka tura, kuɗin ya shiga aljihunsa, bashin yana nan. Kafin ka danna tura, dubi sunan da ya fito. In sunan mutum ne, dakata. Biya ta cikin manhajar, ko ta asusun da kamfanin ya tabbatar maka ta imel ɗinsa. Tura daga asusunka, ka rubuta lambar bashin a gurbin bayani. In dole sai ta wurin mai POS, karɓi rasit ka ɗauki hotonsa nan take, don rubutun irin wannan takardar yana gogewa. Duk wani ragi da aka yi maka a rubuto shi kafin ka biya, a kuma ambata cewa wannan biyan ya rufe bashin gaba ɗaya. Lambar OTP da PIN ba a ba kowa, domin ba a buƙatar su don a karɓi kuɗi daga wurinka. Haka masu tallata kansu a Facebook da TikTok cewa za su goge sunanka daga manhajojin bashi in ka biya su, ba su da hanyar shiga rumbun kamfanin, kuɗinka da bayananka kawai suke so.

Bayan biyan ƙarshe, nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka ɗauki hoton shafin da ke nuna sifili, sannan ka nemi a rufe asusunka a goge bayananka.

Kai ƙara inda za ta yi aiki

Ko ka gama biya, ɓata sunan da aka yi maka laifi ne mai zaman kansa. FCCPC tana wallafa jerin manhajojin da ta amince da su da waɗanda ta sa wa ido ko ta soke a shafinta na intanet, duba a wane rukuni taku take, ka shigar da ƙorafi ta shafin. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2025 sun tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin ɗari na cinikin kamfani. Maganar kwashe lambobi da yaɗa hotonka kuma ta hukumar kare bayanai ce, NDPC, kuma waɗanda aka tura wa saƙon su ma suna da damar kai nasu ƙorafin, tunda lambarsu aka ɗauka ba da yardarsu ba. Idan mai bin ka banki ne ko ƙaramin banki mai lasisi, fara rubuta wa bankin kansa ka karɓi lambar ƙorafi. In lokacin da aka ɗiba masa ya wuce, wanda mako 2 ne a yawancin ƙorafe-ƙorafe, sai ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Barazanar kisa ko ta duka kuwa kai tsaye wurin 'yan sanda ake kai ta.

Ƙorafin da ake dubawa da wuri shi ne gajere mai tsari: sunan manhaja, sunan kamfani, ranar rance, adadi, lambobin da suka kira ka, lambar asusun da suka ce a biya, da hotuna a jere bisa kwanan wata. Lambar asusun nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin manhaja tana iya sauya suna cikin dare, amma asusun banki yana da mai shi a rubuce.

Bayan wata ɗaya ko biyu da kammala biya, nemi rahoton tarihin bashinka. Dokar 2017 da ta tsara harkar ta ba ka damar samun sa kyauta sau ɗaya a shekara. In ka tarar har yanzu an rubuta ana bin ka, tura wa kamfanin ajiye tarihin rasit ɗinka da takardar shaidar kammala biya, ka nemi a gyara, ka kuma aika kwafi ga wanda ya ba ka rancen, domin shi ne zai tabbatar musu kafin su sauya abin da ke rubuce.